Amsa kan bibimbap: yadda ake haɗa shi da abin da ke cikinsa

Hajiya, kin tambaya ko bibimbap na 'yan Koriya ya dace da mai rage ƙiba. Ya dace, in an kula da awo. Sunan ma yana nufin cakuɗaɗɗiyar shinkafa, kuma na garin Jeonju ya fi suna.

Ga kwano ɗaya: kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa mai gajeren ƙwaya (kusan kalori 240), naman sa giram 80 a yanka siri-siri, ƙwai ɗaya, sai alayyafo, karas, naman kaza (wato mushroom) da tsiron waken suya. Kowane ganye daban ake sarrafa shi. Alayyafon daƙiƙa 30 kawai a tafasasshen ruwa, a tsoma a ruwan sanyi, a matse sosai. Wanda ya tsallake matsewa zai ga shinkafarsa ta caɓe.

Ƙwai yana ba da kimanin giram 6 na furotin, nama ya ƙara da sinadarin ƙarfe, ganye kuma ya kawo harza mai riƙe ciki. Inda ake yin ɓarna shi ne man riɗi: babban cokali ɗaya kusan kalori 120 ne, don haka ƙaramin cokali ya wadatar. Sai gochujang, jan yajin da ake tsimawa da waken suya da shinkafa, kamar yadda muke tsima daddawa. Gishirinsa da yawa, mai hawan jini ya sa kaɗan. Ki duba jikin robar kafin ki saya, wasu kamfanoni suna saka barasa don kada ya lalace.