Tabo a matatar ƙoda: zan iya sayen maganin yayana?

Tambaya: Likita, yayana ya shekara 15 da ciwon suga, an ce matatun ƙodarsa sun yi tabo. Ni ba ni da suga, amma fitsarina yana kumfa, ƙafafuna na kumbura. An ce ana zargin FSGS ce, wani irin tabo a matatun ƙodata, sai an ɗebo ɗan tsokar ƙodar da allura an duba. Tunda duk tabo ne, ba gara in sayi irin magungunansa in bar kuɗin gwajin ba?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ku lafiya ke da yayanki. Don Allah kada ki saya. Kama da wane ba ta wane.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya. A wurin yayanki, suga ne ya yi shekaru yana cin matatun nan a hankali, bangonsu ya yi kauri, wani lokacin har ƙulli ya fito a ciki, irin wanda likitoci Kimmelstiel da Wilson suka bayyana a 1936. Yawanci sai ciwon ya daɗe, kuma sau da yawa za a tarar ya taɓa jijiyoyin ido. Shi ya sa ba kasafai ake yi wa irin su allurar ɗebo tsoka ba. Tarihin ciwon ya isa shaida.

Naki kuwa da sauran bayani. FSGS suna ne na yadda tabon yake a ƙarƙashin madubin likita: wasu matatun ne suka lalace, kuma sashe ne na kowace. Abin da ya jawo shi daban-daban ne. Akwai wanda ke zuwa farat ɗaya, furotin ya riƙa zuba a fitsari fiye da giram 3.5 a rana, jiki ya kumbura. Akwai wanda ke biyo bayan ƙiba, sikila, HIV, ko wahalar da ƙoda ɗaya tilo ke sha. Akwai kuma na gado. A 2010 aka gano cewa wasu sauye-sauye a ƙwayar halittar APOL1, masu yawa a jinin mutanen Afirka ta Yamma, suna ƙara haɗarinsa.

A nan gwajin yake biyan kuɗinsa. Na farkon nan, mai zuwa farat ɗaya, ana yaƙarsa da magungunan danne garkuwar jiki irin su prednisolone, na tsawon watanni. Sauran kuwa wannan maganin ba ya yi musu komai sai illa, kuma da yayanki zai sha, sugansa ne zai yi tashin gwauron zabi. Ke ma maganin sugansa ba zai taɓa tushen ciwonki ba. Gaskiya ne akwai inda kuka haɗu: lisinopril ko losartan suna rage zubar furotin gare ku duka, dapagliflozin ma yanzu ana ba wa marasa suga masu ciwon ƙoda. Amma sai an yi gwajin jini kafin farawa da bayan farawa, kuma lisinopril da losartan suna cutar da ɗan tayi, abin da ya kamata ki faɗa wa likitanki idan kina da ciki ko kina nema.

Idan akwai abin saye yanzu, na'urar auna hawan jini ce, mai ɗaurawa a damtse. Ki guji ibuprofen da diclofenac, da duk kwalbar da aka ce tana wanke ƙoda. Na fi jin tsoron wannan kwalbar a kan komai, domin ba a san abin da ke ciki ba.

Tambaya: Ina da suga. Tsinken gwajin fitsari na gida ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba, ɗan'uwa. Tsinken ba ya kama furotin sai ya yi yawa. Ka nemi gwajin ACR, mai auna furotin ɗin albumin a fitsari, a asibiti sau ɗaya a shekara, tare da gwajin jini na ƙarfin tacewar ƙoda. Idan ACR ya kai 30 mg/g, a sake shi cikin wata uku zuwa shida don tabbatarwa.