Tambaya da Amsa: Bonar ko-ta-kwana a jikin boilar itace

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar gumar shinkafa a Kura. Boilarmu, wato tukunyar da ke samar mana da tururi, da itace da buntu take aiki, tana ba da tururi kilo 500 a awa. Da damina itace kan jiƙe, tururi ya faɗi, shanshera ta kwana a tanki. An ce in sa bonar dizal, wato na'urar da ke fesa mai cikin murhu ta kunna shi, don irin wannan rana. Wace iri zan saya, kuma a ina ake ɗaura ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Fara da lissafi kafin ka je kasuwa. Litar dizal ɗaya tana ba da zafi kusan kilowat 10 na awa guda. Tururi kilo 500 a awa, idan da ruwan sanyi ake cika boilar, zai ci lita 40 zuwa 45 a kowace awa, wato bona mai ƙarfin kilowat 400 zuwa 450. Wannan mai ne mai yawa, shi ya sa muke ganin amfaninta shi ne ceton shansherar da ta riga ta jiƙa. Idan ka mai da ita abin kullum, ribarka za ta tafi a tankin mai.

Wurin ɗaurawa shi ne inda aka fi yin kuskure. Kada a ƙafe ta dindindin a bakin murhu. Duk lokacin da itace ke ci bona tana kashe, zafi yana komawa cikin hancinta, ragowar man da ke cikin nozul, wato ɗan bakin da ke fesa mai, ya dahu ya zama gawayi, toka ta rufe idon da ke ganin wuta, wayoyi su ƙone. Ranar da ka buƙace ta sai ta ƙi tashi. A yi mata ƙofa mai hinji, yadda za a juya ta gefe a toshe ramin da farantin ƙarfe mai bulon wuta a ciki. A sa wa ƙofar makunnin da zai hana bona tashi sai an rufe ta ruf.

Harshen wutar kada ya taɓa bututun ruwa ko bangon ƙarfe, domin nan take kunkunniya za ta taru, ƙarfen kuma ya fara cinyewa. Murhu dogo yana son nozul mai kusurwar feshi digiri 45, gajere mai faɗi kuma 60 ko 80. Sannan dole wayar bona ta bi ta makunnin ƙarancin ruwa da na matsin tururi. Itace yana mutuwa a hankali, amma bona ba ta san ruwa ya ƙare ba sai an gaya mata.

Tambaya: Malam, tamu bonar takan yi gurnani ta mutu, jar fitila ta kama. Yaran sukan yi ta danna maɓallin sake tayar da ita har ta tashi, wani lokaci da ƙara kamar bindiga. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, babba ma. Ka hana su yau. Kowace dannawa tana fesa mai cikin murhu ba tare da ya kama ba. Man ya kwanta a kan toka mai zafi ya zama tururi, tartsatsi na gaba ya tayar da shi gaba ɗaya. Ƙarar da kake ji ke nan, kuma tana iya cire ƙofa ta doki wanda ke tsaye a gabanta. Dannawa ɗaya ce. In ba ta tashi ba, a kashe wutar lantarki a duba.

Fara da idon wuta: zare shi ka goge da tsumma mai laushi. Sai tsinkayen tartsatsi biyu da ke gaban nozul. Tazararsu kusan milimita 3 zuwa 4 ce, gwargwadon littafin bonar, kuma farin tangaran ɗinsu in ya tsage wutar lantarkin takan zurare ta nan. Duba filta, ka zubar da ruwan da ya kwanta a gindin tanki, domin dizal ɗin jarka ba ya rasa ruwa da ƙasa. Nozul ba a sokarsa da allura. Ramin ya buɗe, feshin ya karkace. A sauya shi da sabo mai lamba iri ɗaya, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ga wani abu da mutane ba sa lura da shi. Galan ɗin da aka rubuta a jikin nozul, wato yawan man da yake fesawa a awa, an auna shi ne a matsin bar 7 (bar shi ne ma'aunin matsi). In famfonka yana kan bar 12, man da ke fita ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. In ba a ƙara iska ba, sai baƙin hayaƙi.

Kafin kowace kunnawa a kwashe garwashi da toka, a rufe ƙofofin iskar itace, a bar fankar bona ta gama kore iskar murhu. Kada a taɓa gajarta wannan lokacin.

Tambaya: Iskar gas fa, ba ta fi tsafta ba?

Amsa: Ta fi, ba ta da kunkunniya kuma ba ruwanta da nozul. Sai dai gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zurara ramin toka yake gangarawa ya kwanta, inda garwashi yake. Layin yana buƙatar bawul na hannu, filta, regileta, bawul biyu masu rufe kansu da lantarki, da makunnin matsi. Ƙwararren mai aikin gas ne zai haɗa shi, a gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu.

Yawancin bonar gas da tsinken ƙarfe take tantance wuta, kuma wannan tsinken yana buƙatar wayar ƙasa mai kyau. A kan janareta marar wayar ƙasa za ka ga wuta ta kama lafiya, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. Kafin a zargi akwatin da ke sarrafa bonar, mai lantarki ya duba wayar ƙasa, ya kuma tabbatar ba a juya waya mai rai da ta komawa ba.