Tambaya da Amsa: Tsakanin Achebe da Conrad, wa zan bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar sashen Turanci ce, ina aji uku a jami'a. An ba mu littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness. Wani malaminmu ya ce littafin cike yake da wariyar launin fata kamar yadda Chinua Achebe ya faɗa, wani kuma ya ce tonon asirin mulkin mallaka ne. Na rubuta cewa Achebe ne mai gaskiya, sai aka ba ni maki kaɗan, aka rubuta mini "ina hujjarki?" da jan biro. Wai a adabi babu amsa ɗaya ne? Daga wata ɗaliba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Gardamar nan ta girme ki nesa ba kusa ba, ƙila ma ta girmi mai jan biron. A watan Fabrairun 1975 Achebe ya tsaya a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a Amurka, ya kira Conrad mai wariyar launin fata, a lokacin da ake ɗaukar littafin a matsayin gwanin gwanaye. Conrad ɗan asalin Poland ne, ya je Kwango a 1890 yana aikin jirgin ruwa, zamanin da ƙasar take tamkar gonar Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam. Labarin ya fara fitowa a mujalla a 1899.

Hujjar Achebe daga cikin shafukan littafin ya ciro ta. Ya ce a duba baƙaƙen da ke ciki: ihu suke, tsalle suke, ba a ba su harshe ba. Wurare biyu ya nuna inda aka bar su suka yi magana da gurɓataccen Turanci. Na farko mutum ne yake roƙo a kama masa wasu ya cinye, na biyu yaro ne ya leƙo ya ba da labarin mutuwar Kurtz, Baturen kamfanin kasuwanci da hankalinsa ya gushe a Kwango. Ya ce an mai da nahiya sukutum shimfiɗa kawai, don a nuna yadda hankalin Bature guda ya gushe.

Masu kare Conrad, irin su Cedric Watts da ya mai da martani a 1983, su ma da shafinsu. Buɗe inda Marlow, matuƙin jirgin da ke ba da labarin, ya isa tashar kamfani ta farko. Mutum shida ne ɗaure da sarƙa ɗaya, kowa da ƙarfe a wuya. Can ƙarƙashin itatuwa ga leburori sun rarrafo suna jiran mutuwa, Marlow ya miƙa wa wani saurayi biskit. Taku kaɗan daga nan sai ga akawun kamfani fes da shi, kwalar rigarsa ta sha sitaci. Duk lokacin da na karanta wa ɗalibai wannan wuri, ajin yakan yi tsit. Wanda ya jera waɗannan hotuna kusa da juna ya san ɓarnar da yake nunawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne muryar wa muke ji. Marlow ne ke ba da labarin a kan jirgi a Kogin Thames, wani marar suna kuma yana kawo mana abin da ya ji. Masu kariya suka ce raini na Marlow ne, marubucin yana gefe. Achebe ya ce to a nuna masa inda marubucin ya ba mai karatu wani ma'auni da zai auna Marlow da shi. Ni dai a nan ina bayan Achebe, don na nema ban samu ba. Amma ban yarda a jefar da littafin ba. Edward Said a 1993 ya ce Conrad ya ga muguntar mulkin mallaka, sai dai idonsa bai hango ranar da mutanen za su mulki kansu ba, kuma wannan ya fi kwanta mini.

A makarantar zaure idan mas'ala tana da ƙaulani, ba a sallamar ɗalibi don ya ce "Malam wane ya faɗa", sai ya kawo nassi. Abin da jan biron yake nema ke nan. Kin ɗauko hukuncin Achebe, kin baro shaidunsa a baya. Ki sake rubutun: kawo wuraren nan biyu da lambar shafi, kawo wurin sarƙar da kanki tun kafin a jefo miki shi, sannan ki faɗi dalilin da ya sa bai rushe matsayinki ba. Idan ɗakin karatunku yana da bugun littafin na kamfanin ɗab'i na Norton na 1988, maƙalar Achebe tana can bayan littafin tare da na masu ja da shi. Ki ɗauki fensir ki ƙirga maganganun baƙaƙen da kanki, ki gani ko lissafinsa ya cika.