Tambaya da Amsa: Ina Aiki a Ɗakin Masu Tari, Yaya Zan Kare Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Jos, an mayar da ni ɗakin masu ciwon ƙirji. Da hunturu ya shigo, majinyata kan rufe tagogi ruf saboda sanyi. Ina sa takunkumi irin na yau da kullum, kuma an yi mini allurar BCG tun ina jaririya. Wannan ya isa ya tsare ni daga tarin fuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bai isa ba, kuma rufe tagogin nan shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali.

Ƙwayar tarin fuka a iska take tafiya, ba a kwano ko cokali ba. Idan mai cutar ya yi tari, ƙwayoyin kan yi sa'o'i suna shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Sanyin Jos ba wasa ba ne, amma maganinsa ƙarin bargo da rigar sanyi. A bar tagogi biyu masu kallon juna a buɗe, dare da rana, don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Majinar da za a kai gwaji kuwa, majinyaci ya fitar da ita a waje, a sarari, ba a banɗaki ko lungu ba.

Takunkumin da kike sawa na majinyaci ne, shi ya kamata ya sa don tare abin da ke fita daga bakinsa. Naki N95 ne, wato takunkumi mai tace ƙwayoyin cuta daga iskar da kike shaƙa, kuma sai ya manne. Ki matse ƙarfen da ke kan hanci, ki huro iska; in kin ji tana fita ta gefe, bai zauna ba. Wanda ya jiƙe ko igiyarsa ta saki, a yar da shi. BCG tana kare yara ƙanana daga munanan nau'o'in cutar, ba a dogara da ita ga huhun babba.

Haɗarin ya fi yawa daga wanda ba a gano ba tukuna, yana zaune a layin ganin likita yana tari. Wanda ya fara maganin da ya dace, yaɗawarsa kan ragu ƙwarai cikin mako biyu. Don haka a ware mai tari tun daga ƙofa, a ba shi takunkumi, a gaggauta gwajin GeneXpert, wato gwajin majina mai gano ƙwayar tarin fuka.

Ke kuma, in kina da tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓi, zufar dare ko rama, kada ki jira. Gwaji da maganin wata 6 kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren kula da masu tarin fuka. In kina da ciwon suga ko HIV, ki nemi a canja miki ɗaki, a kuma duba ko kin cancanci maganin riga-kafi, kamar isoniazid da rifapentine sau ɗaya a mako na wata 3, bayan an tabbatar cutar ba ta tashi a jikinki ba.