Ko al'ada ce 'yar fim ɗin Indiya ta bar sana'a idan ta yi aure?

'Yata, kin tambaye ni ko a Indiya ma al'ada ce 'yar fim ta ajiye sana'a da zarar an ɗaura mata aure, kamar yadda muka saba gani a Kano, har kika kawo misalin Nargis ta Mother India. To, babu dokar da ta ce haka. Abu biyu ne suka haɗu, gidan miji da kuɗin masu fim, kuma a ganina na biyun ya fi ƙarfi.

Nargis dai sunanta na yanka Fatima Rashid. An haife ta a Kalkata a 1929, mahaifiyarta Jaddanbai mawaƙiya ce mai shirya fim. Tana da shekara shida aka fara sa ta a gaban kyamara, tana 14 darakta Mehboob Khan ya ba ta jaruma a fim ɗin Taqdeer. Daga nan sai Barsaat da Awaara da Shree 420 tare da Raj Kapoor. A wajen ɗaukar Mother India wuta ta ƙwace ta ritsa da ita, Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗanta alhali sa'anni ne, ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Fim ya fita a 1957, suka yi aure a watan Maris na 1958. Ba ta cika talatin ba, kuma ba ta taɓa yin tashe irin na lokacin ba, amma ta koma gida ta haifi 'ya'ya uku.

Ga yadda harkar take a zamanin. Furodusa yakan ciwo bashi da ruwa mai tsada, ya ba jaruma kafin alƙalami, ita kuma ta ware masa ranaku. Tun fim bai kai rabi ba yake sayar da shi yanki-yanki ga dillalai, su kuwa sunan jarumi da jaruma suke saya. Ɗauka takan ci shekara biyu ko uku, domin jaruma ɗaya tana iya riƙe finafinai da yawa a lokaci guda. To ki duba: an ɗauki rabin waƙa bara, ana so a ƙarasa bana da tufa iri ɗaya da jiki iri ɗaya, sai ga ta da juna biyu. Aiki ya tsaya wata da watanni, ruwan bashi na hauhawa, ranakun jarumi sun wuce ga wani. Ga kuma camfin dillalai cewa 'yan kallo ba sa son ganin matar wani tana soyayya a majigi. Saboda haka ko miji bai hana ba, masu fim kan daina zuwa ƙofar gida.

Gidan miji ma da nasa, tunda amarya takan tare ne a cikin surukai, kuma maganarsu tana da nauyi. A gidan su Kapoor, Babita da Neetu Singh, 'yan fim da suka auri 'ya'yan Raj Kapoor, duk sun janye bayan aure.

Sai dai kada ki ɗauka kowa haka ta yi. Nutan ta yi aure a 1959, kuma Bandini, wanda ya ƙara mata daraja, a 1963 ya fito. Meena Kumari kusan duk manyan finafinanta da aurenta ta yi su, amma nata ya zo da ciwo: da suka rabu da mijinta Kamal Amrohi a 1964, fim ɗinsu Pakeezah ya tsaya shekara biyar, bai fita ba sai 1972, makonni kaɗan kafin rasuwarta. Abin tausayi ne ƙwarai.

Nargis kanta ba zaman ɗaka ta yi ba. Ta sake fitowa a Raat Aur Din a 1967, ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasa. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar da ke kai wasa ga sojoji a kan iyaka, ta tsaya wa yara masu lalurar shanyewar jiki, a 1980 aka naɗa ta majalisar dattawan Indiya. Ciwon daji ne ya yi ajalinta ranar 3 ga Mayu 1981, kwanaki kaɗan kafin fitowar fim ɗin farko na ɗanta Sanjay a matsayin jarumi.