Amsa ga ɗan'uwan da ke son duba ƙunshin fayiloli kafin ya kwance shi

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka cewa abokin aikinka ya turo maka fayil mai ƙarewa da .tar.gz, wato ƙunshin fayiloli da aka matse wuri ɗaya, kuma kana son ganin abin da ke cikinsa daga taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, kafin ka kwance shi a kan saba (server), wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. Sai da gabana ya faɗi, domin a daidai wannan gaɓa na taɓa yin asarar aikin makonni uku. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya.

Abin da za ka rubuta shi ne tar -tf sannan sunan fayil ɗin; tar shi ne shirin da ke haɗa irin wannan ƙunshi ya kuma kwance shi. Zai jero maka sunayen duk abin da ke ciki ba tare da ya ajiye komai a faifanka ba. Idan ka ƙara harafin v, wato tar -tvf, za ka ga girman kowane fayil da ranarsa da mai shi.

Ni ban yi hakan ba. Wanda na gaji aikin daga hannunsa ya turo mini ƙunshi ya ce tsofaffin takardu ne kawai, ni kuwa na yarda da shi, na kwance a cikin foldar da nake aiki. Ashe bai sa fayilolin a folda ɗaya kafin ya matse su ba, ya tsaya a tsakiyar aikinsa ne ya kwashe komai. Da na kwance, sai suka watsu cikin nawa, kuma tar ba ya tambaya kafin ya danne fayil mai suna iri ɗaya. Ban ma lura ba sai da dare, lokacin da na buɗe fayil ɗin da na gama gyarawa da la'asar na tarar da tsohon rubutu, ranar da ke jikinsa kuma ta bara ce, saboda tar yana dawo da fayil da ranarsa ta asali. Na buɗe na biyu, na buɗe na uku, duk haka suke. Hannuna yana rawa na kira shi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai kowa ya san ana dubawa kafin a kwance. Ko haƙuri bai ba ni ba. Washegari kuma a gaban shugabanmu ya maimaita wannan maganar, kuma har yau ita ta fi ci mini rai fiye da aikin da na sake daga farko.

Saboda haka idan jerin ya fito, ka duba farkon kowane layi. Idan duk layukan sun fara da sunan folda ɗaya, da sauƙi. Idan fayiloli ne tsirara ba sunan folda a farkonsu, ka ƙirƙiri sabuwar folda ka nuna wa tar ita da -C lokacin kwancewa, ka kuma sa -k domin ya ƙi taɓa abin da ya tarar. Duk sunan da ka ga ya fara da ../ ka dakata, domin yana nufin fita daga foldar da kake ciki.

Idan fayil ɗin babba ne kada ka zaci kwamfutar ta maƙale. Shi .tar.gz ba shi da jadawalin abin da ke ciki, dole sai an warware shi daga farko har ƙarshe kafin jerin ya cika. Zip kuwa yana ajiye jadawalinsa a ƙarshen fayil, shi ya sa unzip -l yake amsawa nan take, har ya ba ka jimillar girman a ƙasa. Ka gwada wannan jimillar da filin da ya rage a faifanka, wanda umarnin df -h yake nunawa. Ni yanzu bsdtar -tf nake amfani da shi domin yana karanta tar da zip da 7z da iso, kuma shi ne tar ɗin da ke zuwa cikin Windows 10 tun 2018. Akwai wani shirin ma mai suna lsar, yana da kyau wajen duba ƙunshi irin na rar.

Don Allah ka yi kwafin foldar aikinka yau, kafin ka taɓa ƙunshin, ko da wanda ya turo maka amininka ne. Sannan ka rubuta tar -tf da sunan fayil ɗin, ka bi shi da | head -20 domin ya nuna layuka ashirin na farko kawai, ka liƙo mana layukan a nan mu duba tare.