Wankin tirotul bodi ko sayen sabo: me ya fi wa mai kai kaya sauƙi?

Tambaya: Da ƙaramar motata nake kai kaya shaguna. Kwanan nan ta fara rawa a silo, wato lokacin da inji ke aiki ban taka totur ba, wani lokaci in na tsaya sai ta mutu, fitilar injin kuma ta kama. Wani bakanike ya ce a wanke tirotul bodi, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji, wani ya ce sai dai a canza shi ɗungurungum. Jarina ba shi da yawa. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kada ka fitar da ko sisi na sayen kaya sai an jona wa motar na'urar gwaji. Kuɗin gwajin bai kai na kayan ba ko kusa, kuma shi zai raba gardamar bakanikan nan biyu.

Tirotul bodi na lantarki ba shi da wayar da ke janyo shi daga totur. In ka taka, kwamfutar motar ce ke sa wani ɗan injin lantarki ya buɗe farantin da iska ke bi, sensa biyu kuma suna shaida mata iya inda ya buɗe. Tururin baƙin mai da ke dawowa ta bututun iska yakan taru a gefen farantin, ya zama baƙar dauɗa mai danƙo. In ka shafa da yatsa za ka ji tana kamawa. A silo hanyar iskar siririya ce ƙwarai, dauɗa kaɗan ta isa ta shaƙe ta. Wannan wanki ne maganinsa. Amma in na'ura ta nuna lambar matsala P2135, wato sensa biyun sun saɓa wa juna, ko P2101 da ta shafi ɗan injin, to ba lallai ne wanki ya magance matsalar ba. Ko a nan ma a fara duba soket da wayoyi, don sau da yawa laifin nasu ne.

In wankin ne, ka tsaya a kansa. A cire shi, a yi amfani da feshin da aka yi dominsa da tsumma mai laushi, kada ruwan ya shiga ɓangaren lantarki, kada a banƙare farantin da ƙarfi, a sa sabon gaskit, wato abin da ke hana iska yoyo a mahaɗarsa. Bayan an mayar, motoci da yawa, kamar na Nissan, sai an sake saita silo a kwamfuta. Bakaniken da bai san wannan ba zai ba ka mota tana ihu a tsaye, ya ce ai dama ya gaya maka sai sabo.

Sai lissafin kuɗi. Kai motarka ita ce shagonka, don haka ka rubuta abin da take kawo maka a yini, ka haɗa shi da kuɗin gyaran duk ranar da ta kwana a gareji. Da wannan ido za ka ga cewa na hannu mai araha, in ya sake lalacewa bayan wata biyu, ya fi sabo tsada. In dole sai na hannun, lambar jikinsa ta zo daidai da ta naka, kuma mai sayarwa ya yarda a rubuce zai karɓa in bai yi ba.

Kuɗin kuma ya fito daga riba, kada ka taɓa na sarin kaya. In babu, gara ka roƙi mai kayan gyaran ka biya shi kashi biyu.